Ƙafar da Aka Yanke Tana Yi Mini Ƙaiƙayi: Tambayoyinku da Amsoshinsu

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan watan sun fi na kullum yawa, kuma kusan rabinsu daga 'yan'uwa da masu jinya suka fito. Ga waɗanda yau ne suka fara cin karo da wannan shafi, ni ba likita ba ne. Mutum ne da aka yanke wa ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa shekara 14 da suka wuce bayan haɗarin mota, kuma shekara 9 ke nan aikina shi ne zama da waɗanda suka shiga irin wannan hali, tun daga gadon asibiti har su koma harkokinsu. Duk abin da ya shafi magani ko tiyata zan mayar da ku wurin likitanku. Amma zaman yau da gobe da jikin da ya canja, wannan kam na san shi ciki da waje.

TAMBAYA: Yaya, shekaruna 27. Mako shida ke nan da yanke mini ƙafar dama daga ƙasan gwiwa bayan haɗarin babur. Ɗinkin ya warke, amma da dare sai in ji babban yatsan ƙafar da aka yanke yana yi mini ƙaiƙayi, wani lokaci tafin ƙafar ya riƙa zafi kamar na taka garwashi. In kai hannu in sosa, sai in taɓa zanin gado. Ban faɗa wa kowa ba, don kada a ce na samu taɓin hankali. Lafiya nake kuwa?

Wani matashi

AMSA: Ƙanena, lafiyarka ƙalau. Kwantar da hankalinka tukuna, sannan ka karanta sauran.

Abin da kake ji kusan duk wanda aka yanke wa gaɓa yana jin sa. Wasu jin ƙafar kawai suke yi tana nan, ba zafi. Waɗanda abin ke zuwa musu da raɗaɗi, irin naka, sun kai tsakanin kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari. Kuma abin ya daɗe da saninsa a wurin likitoci. Wani likitan tiyata ɗan Faransa, Ambroise Paré, ya rubuta labarinsa tun ƙarni na 16 daga bakin sojojin da ya yi wa aiki. Daga baya Silas Weir Mitchell, likitan da ya yi jinyar sojojin yaƙin basasar Amurka, ya raɗa masa suna a 1871, sunan da ke nufin gaɓar fatalwa. Babu wata fatalwa a ciki, suna ne kawai.

Ga yadda abin yake. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sashe da ke riƙe da taswirar jiki gaba ɗaya, kowace gaɓa da gurbinta. Likita ya cire ƙafa, amma gurbinta a ƙwaƙwalwa yana nan daram, yana jiran saƙo kamar yadda ya saba shekara 27. Jijiyoyin da aka yanke su ma ba su mutu ba, suna nan a cikin dungun suna aika saƙo a hargitse. Ƙwaƙwalwa kuwa adireshin da ta sani shi take karantawa, sai ta ce maka babban yatsa ne ke ƙaiƙayi. Ni har yau, in sanyi ya yi yawa ko na kwana biyu ban samu barci ba, nakan ji ɗan yatsana na ƙarshe ya lanƙwashe. Sai dai abin da a da yake sa ni hawaye yanzu minti biyu ne ya wuce. Ga yawancin mutane haka yake raguwa, a hankali, cikin watanni.

Akwai abin da za ka iya yi tun daga daren yau. Tunda ɗinkin ya warke, in likitanka ya yarda, ka riƙa taɓa dungun da hannunka. Ka shafa shi, ka ɗan bubbuga shi da kan yatsu, ka goga masa ƙyalle mai laushi, bayan kwanaki ka koma tawul mai ɗan kaushi, minti biyar sau uku ko huɗu a rana. Da yawa ba sa son ko kallon wurin, balle taɓawa, ni ma haka na yi. Amma taɓawar ce ke koya wa ƙwaƙwalwa inda jikin ya tsaya yanzu. In ƙaiƙayin ya taso, gwada sosa daidai wurin a ƙafarka mai lafiya. Wasu yana yi musu aiki nan take.

Sai maganar madubi. Wani masanin ƙwaƙwalwa, V. S. Ramachandran, shi ya fito da dabarar a shekarun 1990 a Amurka. Ka zauna a kan gado ka miƙe ƙafafu, ka tsayar da dogon madubi a tsakaninsu, fuskarsa tana kallon ƙafarka mai lafiya, dungun ya ɓuya a bayansa. In ka leƙa za ka ga ƙafafu biyu. Ka riƙa motsa yatsu da idon sawu a hankali, idonka a kan madubin, kana ƙudurta cewa duka biyun kake motsawa. A 2007 likitocin asibitin sojoji na Walter Reed sun gwada wannan a kan waɗanda aka yanke wa ƙafa, minti 15 kullum har mako huɗu, kuma waɗanda suka yi da madubin sun samu sauƙi. Ba kowa yake yi wa aiki ba. Ranar farko ma yana iya tayar maka da hankali, ganin ƙafar da ka rasa. Ni na yi kuka. In ka ji jiri ko zuciyarka ta karaya, ajiye shi, ka dawo wata rana.

Abu biyu kada ka yi wasa da su. Na farko, ka bambance zafin ƙafar da babu da zafin dungun kansa. In dungun ya yi ja, ya ɗau zafi, yana ruwa ko wari, ko zazzaɓi ya kama ka, ranar za ka koma asibiti. Haka in akwai wani ɗigo guda da in an taɓa sai ka ji kamar wutar lantarki ta ja ka, mai yiwuwa ƙarshen jijiya ne ya dunƙule, kuma likita na da abin yi a kai. Na biyu, kada ka sayi ƙwaya da kanka. Akwai magungunan ciwon jijiya irin su gabapentin da amitriptyline da likita kan rubuta in ya ga ya dace, a awon da ya dace. Na ga samari da suka fara da tramadol don su samu barci, ciwon ƙafar ya tafi, ƙwayar ta zauna. Faɗa wa likitanka abin da ka faɗa mini, kalma da kalma. Ba zai yi mamaki ba.

Kuma ka ajiye kujera a bakin gadonka, daidai inda kake saukowa. A makona na biyar na farka cikin dare da ƙishirwa, na sauko da ƙafar da nake ji tana nan, na faɗi a kan dungun. Ɗinki ya buɗe, na koma baya da wata guda. Kujerar ce za ta tare ka ta tuna maka kafin jikinka ya saba.

TAMBAYA: Malam, mahaifinmu shekarunsa 63, yana da ciwon suga. Wata uku da suka wuce aka yanke masa ƙafar dama daga ƙasan gwiwa saboda gyambon da ya ƙi warkewa. Tun da aka sallamo shi ba ma barinsa ya yi komai. Mu muke yi masa wanka, mu sa masa kaya, mu ɗauko masa duk abin da yake so. Yini yake yi a keken guragu, da dare mu sa masa filo a ƙarƙashin gwiwa don ya ji daɗi. Amma kullum ƙara yin shiru yake, wani lokaci ya yi ta faɗa ba dalili. Me muka rage?

Wata 'ya mai jinyar mahaifinta

AMSA: Ƙanwata, Allah ya saka muku da alheri, ya ba Baba lafiya. Ba ku rage komai ba. Yi kuka yi har ya yi yawa, kuma zan faɗa miki gaskiya don na ga ƙauna ce ta sa ki rubuto.

Fara da filon nan: a cire shi yau. Gwiwar da ta yini a lanƙwashe a keke, ta kuma kwana a lanƙwashe a kan filo, jijiyoyin bayanta gajarcewa suke yi har ta ƙage, ta ƙi miƙewa. In ta ƙage sosai, haɗa masa ƙafar roba zai yi wuya, wani lokaci ma ya gagara. Na sha zuwa gida in tarar da wannan, kuma kullum daga hannun masu tausayi yake fitowa. In yana zaune a keke, a sa katako mai laushin shimfiɗa a ƙarƙashin cinyarsa ya tallafi dungun, gwiwar ta miƙe sambal, kada dungun ya riƙa reto. In likita ya tabbatar zuciyarsa da numfashinsa za su ɗauka, ya riƙa kwanciya rub da ciki minti 20 zuwa 30, sau biyu a rana, don ƙugu ma kada ya ƙage. Ku kai shi wurin likitan gashin ƙashi cikin makon nan ya duba inda gwiwar ta kai, ya kuma nuna muku yadda ake naɗa bandeji: a karkace ake naɗa shi kamar lamba 8, ya fi matsewa a ƙarshen dungu, ya sassauta yana hawa sama. Naɗin da aka zagaya kai tsaye kamar zobe yana tare jini.

Sai ƙafar da ta rage, wadda a wurina ta fi komai muhimmanci a gidanku yanzu. Ciwon da ya ci ta dama yana nan a jiki, kuma ta hagu ce ke ɗauke da nauyin duka. Kusan kashi 85 cikin ɗari na yanke ƙafa a masu ciwon suga da gyambo yake farawa, gyambon kuwa da ɗan ƙaramin rauni da mutum bai ji ba, saboda suga ya kashe jin tafin ƙafar. Kullum a duba ta da haske: tafi, dunduniya, tsakanin yatsu. A wanke, a tsane ta sosai musamman tsakanin yatsun. Kada ya taka ƙasa ba takalmi ko a tsakar ɗaki. A zura hannu cikin takalmin kafin ya sa, ko tsakuwa ta faɗa. Ruwan wanka a gwada zafinsa da gwiwar hannu. Bororo ko tsagewa ko wurin da ya canja launi, komai ƙanƙantarsa, a nuna wa likita ba tare da jira ba. In yana shan taba, wannan ne lokacin bari, don tana ƙara toshe hanyoyin jini.

Yanzu ga maganar shirun nasa. Ki tsaya ki duba ta idonsa. Mutumin da ya yi shekaru yana riƙe da gida, ana jiran ya dawo a ji ta bakinsa, rana ɗaya ya wayi gari 'ya'yan da ya goya su ke tuɓe shi suna yi masa wanka. Ƙafa ɗaya aka yanke masa, amma a gida an karɓe masa hannu biyu da baki. Faɗan da yake yi da dalilinsa. Ku sa masa kujera mai ƙarfi a banɗaki da abin riƙewa a bango, ku ajiye sabulu da tawul inda hannunsa zai kai, ku fita ku ja ƙofa, wani ya tsaya kusa ko da zai kira. Zai ɗau minti 40 a abin da kuke gamawa a minti 10. Ku bar shi. Ya sa rigarsa, ya koyi tashi daga gado zuwa keke da kansa bayan an nuna masa yadda ake yi. Duban ƙafar hagun ma ku ba shi ƙaramin madubi ya riƙa yi, ku kuna tabbatarwa. Sannan ku koma kawo masa maganganun gida kamar da, ku nemi shawararsa da gaske, ku kuma bi ta. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ita ta fara gane wannan a kaina. Wata safiya ta ajiye mini tulin takardun gida a cinya ta ce, "Kai ka iya lissafi, duba mana wannan." Ranar na fara jin ni mutum ne da ake buƙata.

Amma ki sa ido. In ya kai mako biyu ba ya cin abinci, ba ya barci, ba ya son ganin kowa, ko ya fara cewa gara ya mutu ya huta ko ya zame muku kaya, wannan ya wuce ɓacin rai. Ciwon damuwa ne, yana yawan kama mutane a shekara ta farko da ta biyu bayan yanke gaɓa, kuma ana maganinsa. Ku faɗa wa likita a fili, kada ku rufe.

TAMBAYA: Wata biyar da samun ƙafar roba. Da farko ta zauna daidai, yanzu ta yi mini yawa, dungun yana nutsewa ciki, ƙarshensa yana ciwo. Ko dai mara kyau aka haɗa mini?

Wani magidanci

AMSA: Ɗan'uwa, da wuya laifin ƙafar ne. Dungu yana ci gaba da motsewa har wata 12 zuwa 18 bayan aiki, kumburi na sauka, naman da ba ya aiki na raguwa. Shi ya sa kofin da dungu ke shiga, wanda masu aikin ke kira soket, na farko ba ya daɗewa. Ana cike gurbin da safar dungu, wadda ke zuwa da kauri daban-daban, mai lamba 1 da mai lamba 3 da mai lamba 5. Ko a yini ɗaya ma girman yana canjawa, ni kullum da safa biyu a aljihuna, nakan ƙara ɗaya da la'asar. In ka ga kaurin da kake haɗawa ya kai kusan 10, lokacin sabon soket ya yi, koma wurin wanda ya haɗa maka. Kada ka cusa tsumma ko soso, kada ka kankare bakin soket da wuƙa. Duk dare in ka cire, duba fatar har bayanta da madubi. Jan da bai baje ba bayan minti 15 zuwa 20 alama ce wurin na cin matsi fiye da kima, ka huta da ƙafar har a gyara. Kada kuma ka canja zuwa takalmi mai tsayin dunduniya daban ba tare da an sake daidaita ƙafar ba, don a kan takalmin da ka je da shi aka auna ta.

Tunda maganar ta zo, bari in ƙara wani abu. Mutane na ganin ƙafafun roba masu aiki da kwamfuta a intanet su raina tasu. Zaman soket shi ne rabin ƙafa, ko fiye. Ƙafar Jaipur da Dakta P. K. Sethi da wani gwanin sana'ar hannu, Ram Chandra Sharma, suka ƙirƙiro a Indiya a 1968, ta roba ce mai sauƙi, amma ana tsugunawa da ita, ana shiga ruwa, ana tafiya ba takalmi. Ƙungiyar Red Cross ta duniya ita ma tun 1979 take da shirin haɗa wa mutane gaɓoɓi a ƙasashe da dama, da kayan da ba su da tsada kuma suna jure wahala. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin mutum 10 da ke buƙatar irin waɗannan kayan taimako, kusan 1 ne kawai ke samu. Ka riƙe taka da kyau.

TAMBAYA: Malam, ni mace ce mai shekara 34 da 'ya'ya uku. Inji ya kama mini hannun hagu a wurin aiki, aka yanke shi daga ƙasan gwiwar hannu. Wata takwas ke nan ban fita ko'ina ba in ba asibiti ba. Mijina yana ƙoƙari, bai taɓa nuna mini komai ba, amma ni ce ba na iya bari ya ga wurin. Ko ni ba na kallonsa. An ba ni hannun roba, yana da nauyi, na ajiye shi. Ina jin kamar ba ni ba ce.

Wata 'yar'uwa

AMSA: 'Yar'uwata, na karanta wasiƙarki sau uku. Ni ƙafa na rasa, kuma ni namiji ne, don haka ba zan ce na san duk abin da ke ranki ba. Hannu yana gaban idon kowa, da shi ake gaisawa, da shi ake rarrashin yaro, wando ba ya rufe shi. Abin da zan faɗa miki daga bakin matan da na zauna da su na koya.

Abin da kike ji makoki ne. Kin yi rashi na gaske, kuma wanda ya yi rashi ba a ce masa ya yi sauri. Sai dai wata takwas a ɗaki ya isa a fara taɓa ƙofa. Ki fara da kanki. In kin yi wanka, ki shafa wa wurin mai da hannunki, ki dube shi ko da na ƙidaya goma ne. Gobe ki ƙara. Wata baiwar Allah ta ce mini sai da ta yi mako uku tana haka kafin ta daina kau da kai. Daga nan sai maigidan. Ina kyautata zaton shi ma yana tsoro ne, bai san ko in ya taɓa zai ji miki ciwo ko zai ɓata miki rai ba, ke kuma kina ɗaukar shirunsa da wata ma'ana. Ki zaɓi lokacin da yara suka yi barci ki ce masa, "Ina so ka gani, amma kada ka ce komai tukuna." In kin ga za ki iya, ki ba shi man ya shafa miki. Yawancin ma'aurata daga nan suke samun bakin zaren.

Ajiye hannun roba da kika yi ba gazawa ba ce. Da yawa daga waɗanda suka rasa hannu suna ajiye shi, saboda nauyi da zafi, kuma saboda dungun kansa yana ji, roba kuwa ba ta ji. Dungunki na ƙasan gwiwar hannu ma'aikaci ne: yana danne abu, yana tallafe yaro, kina iya rataya jaka a lanƙwasar gwiwar. Ki koma ki faɗa musu nauyin ya dame ki, mai yiwuwa a sauya ko a rage. Ki kuma nemi a haɗa ki da masu koyar da ayyukan yau da kullum da hannu ɗaya. Dabarun ƙanana ne amma suna mayar wa mutum da 'yancinsa: wurin sa riga a fara zura hannun da aka yanke, wurin cirewa shi ne na ƙarshe, katakon yanka mai ƙusoshi biyu da ke riƙe abin da za a yanka, jiƙaƙƙen ƙyalle a ƙarƙashin kwano don kada ya zame. Ki kuma tausaya wa hannun damanki da kafaɗarsa, kada ki ɗora masa aikin hannu biyu ba hutu, yana iya gajiya ya fara ciwo shi ma.

Fita kuwa, za a kalle ki, ba zan ɓoye miki ba. Ki tanadi jimla guda tun daga gida, gajera, wadda ba za ta sa ki kuka ba: "Haɗari ne a wurin aiki, na warke, na gode." Babu wanda yake bin ki bashin bayani fiye da haka. Fitar farko ta zama kusa, wurin wadda kika yarda da ita, na rabin awa. Yara su ne masu sauƙi, tambaya suke yi kai tsaye, in an ba su amsa su koma wasansu. Naki ma ki bar su su taɓa, su tambaya. Kuma in akwai wata mace da ta riga ki shiga wannan hali, ki roƙi asibitinku su haɗa ku. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, akwai abin da za ta faɗa miki da ni ba zan iya ba.

TAMBAYA: Ɗana ɗan shekara 9 an yanke masa ƙafa daga saman gwiwa. Ba abin da yake so kamar ƙwallo. In bar shi ya yi?

Wani uba

AMSA: Bar shi, da zarar likita ya ce ya warke. Akwai ƙwallon ƙafa ta waɗanda aka yanke wa gaɓa, mutum bakwai-bakwai, 'yan wasa na gudu da sandunan dogarawa ba ƙafar roba, mai tsaron gida kuwa mai hannu ɗaya ne. Har gasar kofin duniya suke da ita, Angola ta ci ta 2018 a Meziko, Turkiyya ta ci ta 2022. Nuna masa bidiyon. Zai faɗi, zai tashi, yara sun fi mu saurin sabawa. Abin lura shi ne yana girma, don haka za a riƙa sauya masa ƙafa akai-akai, kuma a yara ƙashin dungu kan ci gaba da tsiro har ya riƙa sukar fata daga ciki. In ya fara ƙorafin ciwo a ƙarshen dungu ko wurin ya yi tsini, a kai shi a duba.

TAMBAYA: Yaya, aminina ne aka yanke wa ƙafa makon jiya. Sau biyu ina zuwa ƙofar ɗakin da yake kwance ina juyawa, don ban san abin da zan ce masa ba.

Wani aboki

AMSA: Ƙanena, shiga. Juyawar da kake yi ita ce abin da ya fi tsoro, ya ga abokai sun fara janyewa.

Ba sai ka zo da magana mai nauyi ba. Ka yi masa sannu, ka yi masa addu'a, ka zauna. Zama nake nufi, a kan kujera, idonka daidai da nasa, don wanda ke kwance ya gaji da mutane suna tsaye a kansa. Kada ka ce ka san yadda yake ji. Kada ka ce ai gara shi, wani ƙafa biyu ya rasa. Kada kuma ka kawo masa labarin gwarzaye tun yanzu. Terry Fox ɗan Kanada ya yi gudun kilomita 5,373 cikin kwana 143 a 1980 da ƙafar roba, gaskiya ne, kuma ina girmama shi. Amma mutumin da damuwarsa ta yau ita ce yadda zai kai kansa banɗaki, irin wannan labari nauyi yake ƙara masa. In yana son maganar ƙafar, saurara, ko da ya maimaita ta sau goma. In ba ya so, ku yi hirar da kuka saba. Maimakon "in kana buƙatar wani abu ka faɗa", ka ce "ranar Talata ni zan kai ka gashin ƙashi", sannan ka zo. Kuma ka ci gaba da zuwa bayan wata na biyu, lokacin da masu dubiya suka ɗauke ƙafa, don a nan ne kaɗaici ke farawa.

Abu mafi amfani da za ka yi masa shi ne ka nemo wanda aka yanke wa ƙafa irin tasa, wanda ya daɗe da warkewa, ya zo ya gan shi, in shi abokin naka ya yarda. A Amurka ƙungiyar Amputee Coalition har horo take bai wa irin waɗannan masu ziyara, ta haɗa kowa da wanda ya yi kama da shi a shekaru da irin aikin da aka yi masa. Ko babu ƙungiya a kusa, ma'aikatan sashen gashin ƙashi sun san tsofaffin marasa lafiyarsu, ka tambaye su.

Ni a kwanana na tara wani dattijo ya shigo ɗakinmu da ƙafafunsa, ya ja kujera ya zauna kusa da gadona. Na ɗauka ɗan'uwan wani ne ya yi ɓatan gado. Ya tambaye ni sana'ata, ya tambayi yarana, muka yi kusan minti ashirin ina amsa masa da ƙyar, fuskata a bango. Da zai tafi sai ya naɗe ƙafar wandonsa ta hagu, ya ƙwanƙwasa ƙwaurin da ɗan yatsa, na ji ƙarar roba. Ya ce shekararsa 22 da ita. Na tashi zaune ban sani ba, na fara jero masa tambayoyi: yaya yake wanka, yana tuƙi, zafin dare yana tafiya, matarsa ta zauna? Ya koma ya zauna ya amsa mini su ɗaya bayan ɗaya har lokacin dubiya ya ƙare, sannan ya ce zai dawo ranar Alhamis da safar dungu guda biyu in ga yadda take.